Bututun shan iska mai sanyi a motar turbo: ƙarfi ake saya ko ƙugi?

Kayan da muke dubawa a nan su ne waɗanda 'yan kasuwa ke tallatawa da sunan cold air intake. Bututu ne mai faɗi na alminiyam ko roba ko kabon, a bakinsa akwai filta mai siffar mazurari, wani lokaci da akwati ko 'yar garkuwar ƙarfe da ke tare mata zafin inji. Ana cire akwatin iskar da mota ta zo da shi daga kamfani, a ɗaura wannan a gurbinsa. K&N, AEM, Injen da aFe suna ƙera wa motoci iri-iri, APR da Racingline kuma sun fi karkata ga Volkswagen da Audi. Masu suna a cikinsu sukan kama daga dala 300 zuwa 500 a Amurka, ban da kuɗin dako da na kwastan, na kabon kuwa ya wuce haka. A jikin kwali za ka ga alkawarin ƙarin ƙarfin doki 5, ko 10, wani lokaci har 15.

Gara mu faɗi hukuncinmu tun yanzu. A motar zamani mai turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura masa ƙarin iska, wadda ba a taɓa manhajar kwamfutarta ba, ƙarfin da wannan bututu ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Bambancin da ke tsakanin tuƙin asuba da na azahar ya fi shi girma. Abin da tabbas za ka samu shi ne sauti. Yana fara biyan kuɗinsa ne bayan an sauya manhaja ko an sa turbo mafi girma. A ƙasa mai ƙura irin tamu kuma akwai kuɗin da ake biya daga baya, wanda ba a rubuta shi a kwali.

Misalin da za mu bi shi ne Volkswagen Golf GTI ƙirar Mk7, wato zubi na bakwai, wadda ta fito a Turai a 2013. Injinta EA888 ne zubi na uku, lita 2.0, da turbo ƙirar IS20 na kamfanin IHI, ƙarfin doki 220 a samfurin Turai. Mun zaɓe ta ne don tana cikin motocin da aka fi ƙera wa irin waɗannan kaya, kuma bayanin ya shafi sauran motocin turbo da ke shigowa kasuwanninmu, irin su Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5, Mercedes C300 da Lexus NX200t.

Ina sanyin yake tafiya?

Hujjar masu talla gaskiya ce a kan takarda. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato ta fi ɗaukar iskar oksijin a lita ɗaya. In ta sauko daga digiri 45 zuwa 35, nauyinta yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100. A injin da ba shi da turbo, wannan iskar ce ke shiga silinda kai tsaye, don haka ribar tana isa inda ake so.

Motar turbo ba haka take ba. Tsakanin filta da silinda akwai abubuwa biyu da ke sauya zafin iskar gaba ɗaya. Na farko turbo, wanda ke matse ta, matsewa kuwa dole ta zo da zafi. Na biyu intakula, wadda ke sake sanyaya ta. Bari mu yi lissafi. A ɗauka iskar waje digiri 35 ce, turbo yana matsa ta da bar 1.2 sama da matsin sarari, wanda shi kansa kusan bar 1 ne, kuma ingancin aikinsa kashi 70 ne. Iskar za ta fito daga bakinsa tana kusan digiri 146. A ɗauka intakula tana cire kashi 75 na ratar da ke tsakanin wannan zafi da iskar waje, sai ta sauko da ita zuwa kusan digiri 63. Wannan ita ce iskar da inji ke sha.

To, a ce sabon bututu ya rage digiri 10 cur a bakin filta. A bayan turbo ragin zai zama kusan digiri 14, amma bayan intakula abin da zai rage bai wuce digiri 3 da rabi ba, domin da ma intakular za ta kwashe mafi yawan zafin ko da bututun ko babu. Digiri 3 da rabi a kan iska mai digiri 63 kashi 1 ne cikin 100 na nauyi. A injin mai doki 220, doki 2 ke nan.

Kuma fa wannan in an samu ragin digiri 10 ɗin ne. Buɗe bonet ɗin GTI ka duba: akwatin kamfani rufaffe ne, kuma yana jan iska ta wata kafa a gaban mota, saman lagireto. Iskar waje yake sha tun asali. Injiniyoyin da suka zana shi ba su jahilci batun sanyi ba. Yawancin motocin turbo na shekarun nan haka suke.

Wannan lissafi yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma nan ne masu araha ke faɗuwa. Buɗaɗɗiyar filta da aka bari tsirara a cikin ɗakin inji, kusa da turbo da bututun hayaƙi, iskar ɗakin take sha. In mota na gudu a kan babbar hanya, iskar gaba tana wanke ɗakin, bambancin ba yawa. Amma a cunkoson cikin gari a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke kai digiri 40, ga fankar lagireto tana hura zafi baya, iskar ƙarƙashin bonet tana iya haura digiri 60. Ƙarin digiri 20 a bakin filta yana zama kusan digiri 7 a bakin inji. Bututun alminiyam ɗin kansa yakan ɗauki zafi ya riƙe. Sai ka ga an sayi abu da sunan sanyi, ya koma yana shayar da inji iska mafi zafi fiye da akwatin da aka cire. Garkuwar ƙarfe da ba ta manne da bonet da roba ba, ado ce kawai.

Kwamfuta ce ke da wuƙa da nama

Ko da iska ta ƙaru, akwai mai tsaron ƙofa. Kwamfutar injin turbo na zamani ba ta barin inji ya ba da duk abin da zai iya. In ka taka totur, ita ce ke fassara takun zuwa adadin ƙarfin juyi da aka rubuta mata, Nm 350 a GTI, sai ta lissafa nauyin iskar da ake buƙata, ta kuma sarrafa ƙofar sakin hayaƙi ta turbo har a kai wannan adadi. A EA888 zubi na uku ƙofar da lantarki take aiki, don haka sarrafawar daidai take ƙwarai. In iska ta zo da sauƙi ko ta fi nauyi, kwamfuta sai ta ɗan ƙara buɗe ƙofar, turbo ya rage gudu, ƙarfi ya tsaya inda yake. Ribar da aka samu ita ce turbo ya ɗan huta. Wannan ba laifi ba ne, amma ba shi ne abin da aka biya dala 400 dominsa ba.

Inda zafi ke cin ƙarfi da gaske shi ne lokacin kunna wutar fulogi. Iska mai zafi tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa, sensar da ke jikin inji ta ji bugun, kwamfuta ta jinkirta wuta, wani lokaci ta rage matsin turbo. Wannan ne ke sa mota ta yi nauyi da rana. GTI an ƙera ta ne don fetur mai lambar RON 95, wato ma'aunin jurewar mai ga irin wannan fashewa, a gidajen manmu kuwa iri ɗaya ake sayarwa, ba a ma rubuta lamba a jikin famfo. Mai da zafin bayan intakula su ne ke yanke hukunci a nan. A Mk7 intakular tana maƙale ne tsakanin lagireto da kwandensar iyakwandishan, zafi gaba zafi baya, shi ya sa take saurin cika da zafi in an matsa mata sau biyu ko uku a jere. Wanda zafi ne damuwarsa, kuɗinsa ya fi amfani a kan babbar intakula.

Amfanin bututun na gaskiya ba a sanyi yake ba, a sauƙin numfashi yake. Kowace filta da kowace kwana a bututu suna rage matsin iskar da ke isa bakin turbo. A ce ana son bar 2.2 a bayansa, in an haɗa da matsin sarari. In abin da ke isowa gabansa bar 0.95 ne, dole ya ninka shi sau 2.32. In 0.98 ne, sau 2.24 ya isa. Ƙaramin bambanci ne, amma yana nufin turbo zai yi ƙasa da gudu, ya kuma rage dafa iska. Abin lura shi ne wannan cikas ba ya ƙaruwa daidai da yawan iska, ninkin kansa yake yi: in iska ta ƙaru da kashi 35, cikas yana ƙaruwa da kusan kashi 80. Injin doki 220 yana shan kusan kilo 10 na iska a minti in an taka shi ƙarshe, kuma akwatin kamfani an yi shi da rarar da ta ɗauki wannan. Amma in an sa manhajar da ke kai motar kusa da doki 300, ko aka ɗaura turbo IS38 na Golf R, sai akwatin ya zama kamar takunkumi a hancin mai gudu. A nan turbo yana aiki a ƙarshen iyawarsa, kwamfuta ba ta da abin da take ɓoyewa, duk sauƙin da aka samu yana fitowa a taya, musamman daga juyin inji 5,000 a minti zuwa sama. Ko a nan ma, a wannan injin, gwiwar da ke shiga bakin turbo tana cikin wuraren da suka fi matsewa. Wanda ya sauya filta ya bar gwiwar ya yi rabin aiki ne.

Alƙaluman kwali kuma a karanta su da hankali. Galibi ana gwaji ne a kan na'urar auna ƙarfi, bonet a buɗe, ga babbar fanka tana hurawa, yanayin da buɗaɗɗiyar filta ba za ta taɓa samu a titi ba. Mota ɗaya, ba a taɓa komai ba, tana iya ba da bambancin kashi 1 zuwa 2 tsakanin gwaji da gwaji. Sannan lambar da ake bugawa sau da yawa ita ce rata mafi girma a wani juyi guda, ba ƙarin ƙarfin ƙoli ba.

Shan mai ba ya sauyawa. A tuƙin yau da kullum totur ne ke taƙaita iska, kwamfuta kuma tana riƙe da ma'aunin 14.7 na iska kan 1 na mai, bisa nauyi. In ma an ga canji, to hawa ne, saboda mai motar yana ta taka wuta don ya ji sauti. Sautin kuwa akwai shi: shewar turbo in yana ɗaukar gudu, da hucin da ke fita in an saki totur, waɗanda akwatin kamfani aka yi shi musamman don ya danne. Mai son wannan ya sayi abinsa da idonsa buɗe, ba mu ga laifinsa ba. Kunne ne dai ke yaudarar ƙafa, mota mai ƙugi ana jin kamar ta fi gudu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ƙura

Wannan ne sashen da masu bita na Turai da Amurka ke wucewa da sauri, mu kuwa ba mu isa ba. Litar fetur ɗaya tana buƙatar iska sama da lita 9,000 kafin ta ƙone. Tankin GTI lita 50 ne, wato kowane cikon tanki kusan lita rabin miliyan na iska ke ratsa filta. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin hunturu, kowa ya san abin da ke cikin wannan iska, ban da hanyoyin da ba kwalta.

Filtar da ke barin iska ta wuce da sauƙi, galibi ramukanta sun fi faɗi ne. Ta auduga mai mai, irin wadda K&N ta yi suna da ita, man da aka shafa mata ne ke kama ƙura. Ta takarda kuwa ƙanƙantar ramuka ce ke tarewa, kuma tana ƙara iya tacewa in ta ɗan yi datti. Ana auna wannan da gwajin ISO 5011, kuma lambobin suna da ruɗi in ba a juya su ba. A misali, filta mai tare kashi 99.5 da mai tare kashi 97 kamar kusa suke. Amma ta farko tana barin kashi 0.5 ya wuce, ta biyu kashi 3, ninki shida ke nan. In kamfani bai buga sakamakon wannan gwaji ba, ka tambayi kanka dalili.

Abin da ya tsallake filta, turbo yake fara tararwa. Fuka-fukinsa na alminiyam ne, suna juyawa sama da sau 150,000 a minti, yashi yana cinye bakinsu har su dakushe, ingancin matsawa ya ragu. Sauran ya wuce ciki ya ci zoben fistin da bangon silinda, ya gauraya da baƙin mai. Ba rana ɗaya ake gani ba. Bayan shekara biyu ko uku ne mota za ta fara shan baƙin mai, a ɗora laifin a kan man.

A nan dole mu taɓo wata al'ada. Kai filtar takarda wurin mai faci a hure ta da kwamfuresa yana yaga zaren takardar, ya buɗe ramukan da ido ba ya gani. Ta auduga ma haka. Filtar takarda ba a wanke ta, ba a hure ta, sauyawa ake yi, kuma a wurinmu tun kafin lokacin da littafin mota ya ce.

Ta auduga ga yadda ake yi mata: a fesa sabulunta na musamman, a bari minti 10, a wanke da ruwa marar ƙarfi daga ciki zuwa waje don datti ya fita ta inda ya shigo, a bar ta ta bushe da kanta sarai. Ba fetur, ba kananzir, ba omo. Sannan a zuba manta siriri a kan ƙoƙon kowane ninki, a jira minti 20 ya bazu, a cike inda ya rage fari. Mai kaɗan, ƙura ta wuce. Mai da yawa, ya bi iska ya shafe sensa.

Batun sensa ya raba motoci gida biyu. GTI Mk7 ba ta da sensar auna nauyin iska a bututun shiga, da matsi da zafi take lissafi, don haka ba ta damu da faɗin bututu ba. Mk5 da Mk6 suna da ita, haka Accord mai lita 1.5. Wannan sensa iskar da ta ratsa ta kawai take aunawa, kwamfuta ta ninka bisa faɗin bututun da aka rubuta mata. In aka ɗauke ta daga bututu mai milimita 70 aka sa a mai 76, faɗin ciki ya ƙaru da kusan kashi 18, iska ta rage gudu, sensa ta ba da rahoton ƙasa da gaskiya da kusan kashi 15. Fetur ya yi kaɗan, fitilar gargaɗin inji ta kama, a ga lambar matsala P0171 ko P0101 in an duba kwamfutar mota. Kamfanonin kirki suna riƙe faɗin gidan sensar daidai da na asali. Bututun da ake cewa yana shiga kowace mota ba ya yin haka, kuma shi ne ya fi yawa a shagunan kayan ado na mota. A guje shi.

Sai ruwa. Wasu kayan suna saukar da filta can ƙasa bayan bamba don neman sanyi. A watan Agusta, in titi ya cika, filtar da ta nutse za ta ja ruwa zuwa silinda. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, inji ya tashi aiki nan take. Filtar da ke ƙasa da tsayin fitilar gaba ba ta dace da hanyoyinmu ba.

In dai za a ɗaura

A zaɓi rufaffen akwati mai jan iska daga kafar gaba ta asali, irin tsarin Racingline R600, da busasshiyar filta marar mai irin AEM Dryflow ko aFe Pro Dry S inda akwai wadda ta dace da motar. Aikin a Mk7 bai wuce awa ɗaya ba. Ana buƙatar sukudireba, makullan Torx, ƙananan soket da filaya ta matse maɗaurin tiyo. A bari inji ya huce. A saki maɗaurin babban tiyon da ke fita daga akwati, a zare siririn tiyon iska da ke gefensa a hankali don bakinsa roba ne mai saurin karyewa, a kwance kafar gaba, sannan a ja akwatin sama ya fita daga robobin da yake zaune a kansu. Da zarar bakin turbo ya buɗe, a toshe shi da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya kashe turbo a tashin farko. A tuna a cire tsumman.

Wasu samfuran Amurka suna da famfon ƙarin iska na rage hayaƙi wanda ke ja daga akwatin, shi ma yana buƙatar 'yar filtarsa, kuma ba kullum take zuwa a kwali ba. Wasu kayan kuma sai an karkatar da wani tiyon ruwa da ke bi ta wurin. A jera komai ba a ɗaure ba tukuna, a tabbata akwai ratar santimita ɗaya tsakanin bututu da duk abin da ke kusa, don inji yana motsi a kan kujerunsa, gogayya kuma tana huda tiyo ko waya. Sannan a ɗaure, ba da ƙarfin tsiya ba, kabon da roba suna tsagewa. A sake bin maɗauran bayan kilomita 200.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗigon iska tsakanin filta da turbo. Wurin tsotsa yake yi, don haka iska marar tacewa ce ke shiga. A motar da ba ta da sensar nauyin iska, babu fitilar da za ta kama, babu alamar komai.

Mai GTI da ke son ɗan sauƙin numfashi ba tare da kashe kuɗi ba, akwai wata raga ta roba a ƙasan akwatin asali da aka sa don tare dusar ƙanƙara. Ana iya zare ta. A Katsina ko Damagaram ba ta da aikin yi.

Gwaji kuma ba sai an je wurin na'urar auna ƙarfi ba. Ƙaramar na'urar OBD2, wadda ake jonawa don karanta bayanan kwamfutar mota, da manhajar waya irin Torque ko Car Scanner sun isa, masu Volkswagen kuma OBDeleven ko VCDS. A hanya ɗaya marar cunkoso, lokaci ɗaya na rana, mai ɗaya a tanki, a giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 6,000, a ɗauki lokaci sau uku kafin sauyi, sau uku bayansa. A rubuta zafin iskar shiga, jinkirin wutar fulogi, da gyaran mai na dogon zango, wato kason fetur cikin 100 da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. Gyaran man in yana tsakanin 5 sama da 5 ƙasa, lafiya. In ya haura 10 a motar da ke da sensar nauyin iska, mai yiwuwa akwai ɗigo ko gidan sensa bai dace ba. A kuma bar mota tana aiki a tsaye minti 10 sannan a sake aunawa, nan ne buɗaɗɗiyar filta ke nuna halinta.

Bayan kilomita 1,000, a cire bututun a shafa farin ƙyalle a cikinsa, bayan filta. A haska tocila a bakin turbo a duba gefen fuka-fukin. In ƙyallen ya fito da jan ƙasa, ko dai wani maɗauri bai kama ba, ko filtar ba ta iya ƙurar wurin ba. A duba maɗauran tukuna. In duk suna nan daram, a mayar da akwatin kamfani da sabuwar filtar takarda, don haka kada a sayar da shi ranar da aka cire.